Wanda Ya Kai Ƙarar Mai Talla Ba Mahaukaci Ba Ne

Ina godiya ga editan wannan mujalla tamu da ya ba ni fili in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. In maganar ta yi wa wani zafi, to, ya yi haƙuri, ni ma da kaina nake.

Kwanakin baya muna zaune a ɗakin hutawa na ɗalibai bayan sallar lisha, sai wani abokinmu ya tuntsure da dariya yana duban wayarsa. Muka ce lafiya? Ya ce wai wani Ba'amurke ne ya kai kamfanin Red Bull ƙara, don suna talla cewa abin shansu yana sa wa mutum fukafukai, shi kuwa ya sha ya sha bai ga ko gashin tsuntsu ɗaya ya tsiro masa ba. Nan fa ɗaki ya ɗauka. Wani ya ce rashin aikin yi ne. Wani ya ce ƙoshi ne, in ciki ya cika dole a nemi rigima. Wani kuma ya ce son banza ne kawai irin na mutanen da ba su san haƙuri ba. Ba zan ɓoye muku ba, har da ni a masu dariyar.

Da na koma ɗaki sai idona ya faɗa kan wata kwalba a gefen gado. Magani ne na saya a tasha wajen wani mai lasifika, wanda ya yi ta rantsuwa cewa yana maganin basir da shawara da sanyi da ciwon baya da kasala. Na sha har ya ƙare, ban ga abin da ya sauya ba sai aljihuna. Kuma tun daga ranar da na saya har zuwa daren nan, ko sau ɗaya bai taɓa zo mini a rai ba cewa an cuce ni, balle in ce ina da haƙƙin da zan nema. Sai na tambayi kaina: tsakanin ni da Ba'amurken nan, wa ya fi cancanta a yi wa dariya?

Bari mu fara da gyara labarin, domin yadda ake yaɗa shi ba haka yake ba. Ba wanda ya je gaban alƙali neman fukafukai. Abin da masu ƙara suka ce shi ne, kamfanin yana sayar da gwangwaninsa da tsada bisa da'awar yana ƙara kuzari da kaifin tunani fiye da sauran abin sha, alhali sinadarin kafeyin da ke cikinsa bai wuce na kofin kofi ɗaya ba. A 2014 kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 13 a yi sulhu, ko da yake bai amsa laifi ba. Aka ce duk wanda ya taɓa saye a cikin shekarun da ake magana ya zo ya karɓi dala 10, ko kaya na dala 15. Mutane suka yi yawa har rabon kowa ya ragu. Wannan shi ne abin da ya faru. Amma da yake labarin fukafukai ya fi daɗin ji, shi ya zagaya duniya. Kuma ku tambayi kanku, wa ke cin ribar a mai da mai ƙara abin dariya? Ba ni ba, ba ku ba.

Wannan al'amari kuwa ba yau ya fara ba. A 1891, lokacin da annobar mura ta addabi Ingila, wani kamfani mai suna Carbolic Smoke Ball ya buga talla a jarida. Abin da yake sayarwa wata 'yar ƙwallon roba ce mai bututu, a zura a hanci a matsa, a shaƙi ƙurar magani. Kamfanin ya ce duk wanda ya yi amfani da ita sau uku a rana har mako biyu, sa'an nan mura ta kama shi, za a ba shi fam 100. Don a san da gaske yake, ya ce ya ajiye fam 1,000 a banki. Wata mata, Louisa Carlill, ta saya, ta bi ƙa'ida, mura kuma ta kama ta a watan Janairu na 1892. Ta nemi kuɗinta, aka hana ta. Ta kai ƙara. Lauyoyin kamfani suka ce ai wannan kurin 'yan kasuwa ne, ba mai hankalin da zai ɗauke shi alkawari. Alƙalai suka ce a'a, wanda ya faɗi adadi, ya gindaya sharaɗi, har ya ce ya ajiye kuɗi a banki, ya ɗaure kansa. Aka ba ta fam ɗarinta. 'Yan'uwanmu na tsangayar shari'a sun san wannan hukunci sarai, don har yau da shi ake koya musu dokar yarjejeniya. Abin mamaki, sukan haddace shi don cin jarrabawa, su fito su haɗu da mu mu yi wa jikokin matar nan dariya.

Kada kuma wani ya ce wannan ɗabi'ar Turawa ce, mu ba mu gaje ta ba. Wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki ya san hukuncin mutumin da ya ƙi tatsar akuyarsa ko raƙumarsa kwana da kwanaki, don hantsarta ta cika, mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Shari'a ta ba mai sayen zaɓi: in ya tatsa ya gane an yaudare shi, yana iya mai da dabbar ya karɓi kuɗinsa, ya ba da wani awo na abinci a madadin nonon da ya tatsa. Ku duba da kyau, mai akuyar nan bai buɗe baki ya yi ƙarya ba. Ido kawai ya yaudara. Duk da haka ba a ce wa mai saye ya je ya yi haƙuri ba. Mun san labarin tsibin hatsin da aka ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa aka baza busasshe a sama, da irin tsawatarwar da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi a kai. Akwai sura sukutum da aka sa wa sunan masu tauye awo. A kasuwanninmu na da ma, in aka bubbuge gindin mudu, ko aka zuba wa nono ruwa, akwai sarkin kasuwa, akwai alƙali. Kalmar algus ba daga Landan aka kawo mana ita ba. To, mene ne bambancin akuyar da aka ƙi tatsa da hoton da ke jikin kwali? Bambancin ɗaya ne: mai akuya mutum ɗaya ya cuta, mai kwali kuwa miliyoyi.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce in haka ne, ai sai a kama yarinya mai tallan fura don ta ce furarta ta fi zuma. Ba haka ba ne, kuma kotunan can ma ba su ce haka ba. Akwai kirari, akwai da'awa. A 1996 kamfanin Pepsi ya yi talla a talabijin cewa in ka tara maki kana iya karɓar riga ko tabarau, a ƙarshe kuma, don raha, aka nuna yaro ya sauka makaranta da jirgin yaƙi, aka rubuta maki miliyan 7. Wani ɗalibi kamarmu ya lura ana iya sayen makin da kuɗi, ya samo masu zuba jari, ya aika da cakin dala dubu 700 da 'yan kai, ya ce a ba shi jirginsa. A 1999 kotu ta kore shi, ta ce kowane mai hankali ya san wasa ne. Daidai ne. Mai fura da ta ce ta fi zuma kirari ta yi, kowa ya sani. Amma ranar da ta ce furarta tana warkar da ciwon sukari, ta bar kirari ta shiga da'awa, kuma sai ta kawo hujja. Kan wannan iyaka ake fafatawa, ba kan raha ba.

Ga kaɗan daga abin da aka fafata a kai. Kamfanin Kellogg ya ce wani abincin karin kumallonsa yana ƙara wa yara natsuwa a aji da kusan kashi 20 cikin ɗari. Hukumar kula da ciniki ta Amurka ta duba binciken da ya dogara da shi ta ga bai nuna haka ba, a 2009 ta sa ya daina. Kamfanin Dannon ya yi shekaru yana cewa kindirmonsa yana gyara ciki yana kuma kare mutum daga mura. A 2010 ya biya jihohi 39 dala miliyan 21. Kamfanin takalma na Skechers ya ce in ka sa wani takalminsa kana tafiya kawai, ƙiba za ta ragu, jiki ya murɗe. A 2012 ya biya dala miliyan 40. A shekarar dai, masu yin Nutella suka yi sulhu a kan kimanin dala miliyan 3, bayan wata uwa a Kalifoniya ta kai ƙara cewa tallan yana nuna shi a matsayin lafiyayyen karin kumallon yara, alhali fiye da rabinsa sukari ne. Aka yi wa matar nan dariya har aka gaji. Amma an sauya tallan.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na wani abin sha mai suna Vitaminwater, mallakar Coca-Cola, wato ruwan bitamin. A 2009 kwalba ɗaya tana ɗauke da sukari fiye da giram 30. Da wata ƙungiyar kare masu saye ta kai ƙara a 2009, sai lauyoyin kamfani suka ce wai ba mai hankalin da zai zaci abin shan nan na gina jiki ne. Jama'a, ku ji fa! Ka sa wa abu sunan bitamin, ka cika jikin kwalba da maganar lafiya, ka kashe maƙudan kuɗi don in gaskata ka, ranar da na gaskata ka kuma ka ce wa alƙali ni ne wawa da na yarda. Hujjar da aka kawo wa Louisa Carlill ke nan, bayan shekara fiye da ɗari ba ta sauya ba. Alƙali ya ƙi korar ƙarar a 2010, daga baya aka yi sulhu, kamfanin ya yarda ya rubuta a fili cewa akwai kayan zaƙi a ciki.

Hujja ta biyu da akan kawo ita ce, wai don dala huɗu ko biyar mutum zai tashi ya je kotu? Ai wannan ƙaranta ce. To, mu yi lissafi irin na 'yan firamare. A ce kamfani ya rage abin naira 20 a kowane ƙunshi, bai sauya girman leda ba. Ni abin da na rasa naira 20 ce, ko kuɗin mota zuwa kotu ba ta kai ba. Amma in ya sayar da ƙunshi miliyan 10, ya kwashi naira miliyan 200 ke nan, ba tare da ya fasa gidan kowa ba. Ɓarawon da ya ɗauke akuya ɗaya akan bi shi da sanduna. Wanda ya ɗebi tsaba ɗai-ɗai daga kowane rumbu a ƙasa, shi ake kira hamshaƙi. Dabarar duk a nan take: a yi cutar ƙanana-ƙanana yadda ba wanda zai ga ta isa rigima. Maganin da Amurkawa suka samo shi ne abin da zan kira ƙarar gayya, wato mutum ɗaya ko 'yan kaɗan su tsaya a madadin duk waɗanda aka yi wa cuta iri ɗaya, hukuncin da aka yanke ya hau kan kowa. Mu da muka san gayyar noma bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Tsinke ɗaya ba ya shara, sai an ɗaure tsintsiya. Dala huɗun da mutum ya karɓa ba ita ce manufa ba. Manufa ita ce gobe in manajan talla ya zauna zai rubuta ƙarya, akawun kamfani ya tuna masa nawa ta ci musu bara.

Hujja ta uku ita ce mai ƙarfi, kuma ba zan kauce mata ba. Ana cewa a irin waɗannan ƙararraki, kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, wato lauyoyi ke cinye romon. Sau da yawa haka ne. A 2013 wani yaro a Ostareliya ya auna burodin kamfanin Subway da ake tallarsa da tsawon ƙafa ɗaya, wato inci 12, ya ga inci 11 ne, ya sa hoton a Facebook. Nan da nan lauyoyi a Amurka suka shigar da ƙara. Da aka bincika sai aka ga ƙullin da ake gasawa nauyinsa ɗaya ne, gashi ne kawai kan sa wani ya ɗan gajarta. Duk da haka aka shirya sulhu wanda lauyoyi za su tashi da dala dubu 520, jama'ar da aka ce ana yi dominsu kuwa ba ko sisi. Wannan cin amana ne, ba na musu. Akwai kuma lauyoyin da suka mai da abin sana'a, suna zagaya kantuna suna neman kalmar da za su rataya ƙara a kanta. Amma ku ji ƙarshen labarin: a 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da sulhun, ta ce ba shi da wani amfani ga masu saye. Kotu ce ta kama lauyoyin, ba kamfani ba. In likita ya yi ha'inci akan hukunta shi ne, ba a rufe asibiti. Wanda ya ce a hana kai ƙara don wasu lauyoyi maciya amana ne, ya gaya mana wa zai bar wa kasuwar.

Hujja ta huɗu kuwa ita ce, wai ai komai a rubuce yake a bayan kwali, laifin mai saye ne da bai karanta ba. Wannan magana ko a ƙasar da kowa ya yi boko ba ta da kunya, balle a nan. Ka zana lemo da mangwaro manya-manya a gaba, ka je baya ka rubuta da ƙananan baƙaƙe kamar ƙafar kiyashi cewa ƙamshinsu ne kawai a ciki. Wace uwa ce a ƙauyenmu za ta karanta wannan, da wane harshe? Ita hoto take saye, da muryar da ta ji a rediyo. Kallon kitse ake sa ta yi wa rogo, sa'an nan a ce ita ta so.

In kuma har yanzu wani yana ganin maganar talla wasa ce, to, ya tuna da madarar jarirai. A shekarun 1960 da 1970 kamfanonin madarar gwangwani sun mamaye ƙasashen Afirka da Asiya da Latin Amurka da talla. Ana nuna jariri ɓul-ɓul, ana raba gwangwanin gwaji kyauta a asibitin haihuwa, har ana sa wa 'yan talla tufafi irin na nas. Uwa ta fara ba da kwalba, nononta ya ɗauke, kyauta ta ƙare, kuɗin saye ya gagara, sai ta riƙa tsinka madarar da ruwa mai yawa, ruwan ma ba tsabtatacce ba. Sakamako gudawa da tamowa da mutuwa. A 1974 wata ƙungiya a Landan mai suna War on Want ta buga ɗan littafi a kan haka. Wasu matasa a Suwizalan suka fassara shi da Jamusanci, suka sa masa suna mai zargin Nestlé da kisan jarirai. Kamfanin ya kai su ƙara. A 1976 kotu ta same su da laifin ɓata suna saboda sunan littafin, ta ci kowannensu tarar faran 300, amma alƙalin ya gaya wa kamfanin lalle ya sauya salon tallarsa. A 1977 aka fara ƙaurace wa kayan kamfanin a Amurka. A 1981 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙa'idar tallan abincin da ke maye gurbin nonon uwa, ƙasashe 118 suka amince, Amurka kaɗai ta ƙi. Da matasan nan sun ce ba ruwansu, jarirai nawa za a ƙara binnewa?

To, mu dawo gida. A 2007 wani ɗan kasuwa ya sayi Fanta da Sprite masu yawa a Nijeriya ya kai Ingila. Hukumomin can suka gwada, suka ce sinadarin hana lalacewa da ke ciki ya wuce ƙa'idarsu, suka kama kayan. Ya dawo ya shigar da ƙara a Babbar Kotun Legas a 2008. Sai a 2017 aka yanke hukunci. Kotu ta umarci NAFDAC ta sa kamfanin ya rubuta gargaɗi cewa kada a haɗa lemon da bitamin C, ta kuma ci hukumar naira miliyan 2. Kamfanin ya ce kayansa suna cikin ƙa'idar Nijeriya da ta duniya, Ma'aikatar Lafiya ta ce lemon ba shi da illa, aka kuma ɗaukaka ƙara. Ban zo in raba gardamar masana sinadarai ba. Abin da nake so ku gani shi ne shekara tara. Attajiri ne ya iya jure shekara tara. Ni da kwalbata ta tasha fa?

Na biyun ya fi ban tsoro. A watan Satumba na 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa ta sayi wani tumatirin gwangwani na kamfanin Erisco ta ji sukari ya yi masa yawa. Gardama ta ɓarke a ƙarƙashin rubutun, ta ƙara da wata magana mai zafi wadda kamfanin ya ce ƙazafi ce da ta jawo masa hasara. 'Yan sanda suka kama ta, aka kai ta Abuja, daga baya aka gurfanar da ita ƙarƙashin dokar laifuffukan intanet, kamfanin kuma ya nemi diyyar naira biliyan 5. Kowa yana da haƙƙin kare sunansa, ban hana ba. Amma ku dubi yadda abin ya juye. A can mai saye ke kai kamfani gaban alƙali. A nan mai saye ke kwana a hannun 'yan sanda. Sa'an nan mu ne muke da bakin yi wa wasu dariya!

Ba kuwa doka ce babu ba. An kafa NAFDAC tun 1993. Akwai dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta haifar da hukumar FCCPC, ta haramta yaudara a talla, ta kuma ba wanda aka cuta damar kai kuka ga hukuma ko ga kotu. Akwai hukumar ARCON mai tace tallace-tallace, wadda ta maye gurbin APCON a 2022. A 2024 FCCPC ta fito fili ta zargi Coca-Cola a Nijeriya da rikita masu saye tsakanin lemonsu na asali da wanda aka rage wa sukari. Ashe in an so ana iyawa. Amma hukuma ba ta da ido a kowace tasha. Doka kamar rijiya ce, in ba wanda ya zura guga, ruwan yana nan ƙasa kowa na fama da ƙishi.

Mu kuwa ba ma zura guga, don mun sa wa mutuwar zuciya suna haƙuri. An sayar maka da man shafawa an ce na gyaran fata ne, ya ƙone maka fuska: haƙuri. An sayar wa ƙanwarka maganin ƙiba, ashe ƙwayoyi ne masu kumbura jiki: haƙuri. Ka ga atamfa a waya ka aika kuɗi, aka kawo maka abin da ko tsumma bai kai ba: cinikin biri a sama, haƙuri. Mai magani ya nuna maka lambar NAFDAC, alhali a jikin kwalbar an rubuta da Turanci cewa hukumar ba ta tantance da'awar warkarwar ba: haƙuri. Haƙuri na gaskiya shi ne jure abin da ba ka da iko a kansa. In ka yafe naka, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne, Allah ya ba da lada. Amma shirunka ba kai kaɗai ya shafa ba. Wanda ya cuce ka yau ya ga ba abin da ya faru, gobe tsohuwar da ke bayanka a layi zai cuta. Wa ya ba ka izinin yafe nata?

Yanzu bari in taɓo mu 'yan wannan ƙungiya, don laifi tudu ne. Tallan nan da ake yi da Hausa a rediyo da talabijin da waya, wa ke rubuta shi? Wa ke fassara shi? Wa ke sa masa karin magana da kiɗa har ya shiga ran tsofaffinmu? Mu ne, ko yayyenmu da suka gama wannan sashe. An kawo maka takarda da Turanci tana cewa abu yana iya taimakawa, kai kuma don ka burge mai biya sai ka ce yana warkarwa nan take. An rubuta gargaɗi a ƙasa, ka ce lokaci ya ƙure, ka tsallake. Da ɗan gari akan ci gari. Harshen da muke taƙama muna raya shi, shi ake haya a yaudari masu shi. In har muna yi wa Hausa hidima ne, to, hidimar ta haɗa da ƙin sayar da ita ga maƙaryaci.

Kada kuma mu ce mu ɗalibai ne, ba mu da ƙarfi. Ɗaya daga cikin manyan zambar da aka kama a tarihin motoci, a jami'a aka tono ta. Kamfanin Volkswagen ya yi shekaru yana tallan motocinsa masu shan dizal da cewa hayaƙinsu tsabtatacce ne. Wasu 'yan tsirarun malamai da ɗalibai na Jami'ar West Virginia suka ɗaura na'urar awo a bayan mota suka hau titi da ita, suka ga hayaƙin ya ninka na ɗakin gwaji sau da yawa. Ashe an sa wa motocin wata manhaja mai gane lokacin da ake gwada su, sai su natsu. A 2015 asiri ya tonu, kamfanin ya amsa cewa motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa, a 2016 kuma ya yarda da sulhun kusan dala biliyan 15 a Amurka kaɗai. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Mu ma muna da ɗakunan gwaji a sashen kimiyyar haɗa sinadarai da na haɗa magunguna. Muna da masu karatun shari'a da ke neman inda za su gwada iliminsu. Muna da masu Hausa da za su iya mai da dokar kare masu saye harshen da mai shayi da mai koko za su fahimta.

Saboda haka ga shawarata. Na farko, duk abin da ka saya ka karɓi rasit, in ya saɓa wa talla ka ajiye kwalin, ka ɗauki hoton tallan. Na biyu, ka rubuta ƙorafi da gaskiya, ba ƙari ba zagi, ka kai wa mai kaya, in ya ƙi ka kai wa hukuma, ka kuma nemi wasu da abin ya shafa ku tafi tare. Na uku, wannan ƙungiya ta haɗa kai da ta ɗaliban shari'a a fassara haƙƙoƙin mai saye da Hausa, a kai gidajen rediyo. Na huɗu, mu matsa wa wakilanmu lamba a sauƙaƙa ƙarar gayya a kotunanmu, a kuma wajabta rubuta gargaɗin abinci da magani da harsunan da jama'a ke ji. Na biyar, duk wanda a cikinmu aka ba aikin fassara talla, ya tambayi hujja kafin ya ara wa ƙarya muryarsa.

Kwalbar nan tawa ban jefar da ita ba, tana nan a gefen gado. Mai lasifikar ma na gan shi makon jiya a tasha, ya ƙara ciwon ƙoda a jerin abin da maganinsa ke warkarwa, mutane kuwa sun yi layi.

Allah ya ba mu ikon gane gaskiya da tsayawa a kanta. Wassalam.